Sun kunna fitila uku, sun bar ta gefen Danjuma a mace

Danjuma Kunkuru ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a barandar asibiti a Gwagwalada da fulas ɗin kunu a hannu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ciyaman ɗin tasharmu ta Utako ne ya kira. Na ɗauka barka zai yi mini, domin tun jiya wayata ba ta huta ba. Na ɗaga ina dariya, na ce, "Oga, sai yanzu ka tuna da sabon kaka?" Can ya ce, "Malam Sale, kana zaune ko kana tsaye?" Na ce ina tsaye. Ya ce, "Nemi wuri ka zauna. Tifa ta hau motar Danjuma a Makauniya. Ko asibiti bai kai ba."

Waɗanda suka ga abin da na sa a shafin nan jiya sun san halin da nake ciki. Hauwa 'yata ta sauka lafiya bayan kwana biyu ana fama, an samu mace, jikata ta fari. Na sa hoton ƙafarta, na yi ta zuba surutu har wasu suka ce tsoho ya zare. Ban goge ba, ba kuma zan goge ba. Farin cikin yana nan. Amma yau ya haɗu da wani abu a ƙirjina, in ban faɗa ba zai shaƙe ni.

Ga wanda ba direba ba, Makauniya suna ne da mu muka raɗa wa wata mahaɗa a yankin Idu. Ta nan muke ratsawa in mun ɗauko fasinja daga Gwagwalada muna gudun cunkoson cikin gari, mu ɓulla Utako. Hanya huɗu ce ta haɗu a wurin. Kowane gefe an dasa masa sandar danja, doguwa mai kyau, da faifan sola a ka. Shekara uku ke nan ba wadda ta ƙifta ko sau ɗaya. Shi ya sa sunan.

In ka zo daga gefenmu, katangar wani sito ce a hagunka, ta taho har bakin kwalta. Farin layin da aka shafa aka ce ka tsaya a kai yana bayan katangar, inda ba abin da kake gani sai bulo. Ta hagun nan kuma gangare ne, daga nan tifofi da tireloli suke saukowa da kaya daga masana'antu. Wanda ya zana wurin nan, ko dai bai taɓa riƙe sitiyari ba, ko kuwa akwai abin da muka yi masa da ba mu sani ba.

Da muka ga ba mai zuwa gyara, sai muka yi wa kanmu doka. Ka iso, ka sauke gilashi, ka sa giya ta ɗaya, ka tura hancin mota kaɗan-kaɗan har ka wuce katangar. Mai tifa shi ma ya san wurin, tun daga saman gangare yake ɗage ƙafa. Ku haɗa ido. Ya ɗaga maka yatsu biyu daga kan sitiyari, ka wuce, ka ɗaga masa hannu. Ana ɗan goge fenti, ana zagin uwa da uba, amma ni dai ban taɓa jin an ɗauki gawa a wurin ba. Tsoron juna ne yake tsare mu.

Ranar Talatar da ta wuce wasu suka zo da mota mai tsani da rigunansu masu ƙyalli. Suka kunna fitila uku. Ta huɗu, ta gefen masu zuwa daga Gwagwalada, suka bar ta yadda suka same ta, suka naɗe tsaninsu suka tafi. Ba allon gargaɗi, ba mai ba da hannu, ko ganye ba su jefa a titi ba.

Ku duba abin da suka haɗa. Mai tifa yana saukowa, karo na farko cikin shekara uku ya ga kore a gabansa. Kore ya ce masa hanya taka ce, ba ruwanka da birki. Kai kuma daga gefenmu ka ɗaga kai, ka ga fitila a mace kamar jiya, kamar bara, sai ka yi abin da ka saba, ka tura hanci. Baƙo zai iya tsorata ya ja birki ya jira. Wanda ya san wurin kamar tsakar gidansa, shi ne zai shiga.

Kuma ba wanda ya san wurin kamar Danjuma. Mutumin Gbagyi ne, kafin a yi sito da masana'antu yana yaro ya kori tsuntsu a gonar dawar kawunsa a daidai gangaren nan.

Mu muka sa masa Kunkuru, saboda tuƙinsa. Za ku bar Gwagwalada tare, ka kai Utako, ka sauke, ka ci abinci, ka wanke hannu, sannan ka hango koriyar motarsa tana shigowa. Matasan tasha su yi ta yi masa shewa: "Baba, a hanya ka kwana?" Shi kuwa ya fito yana goge gilashi da tsummansa, ya ce, "Na kawo su nawa? Shida. Na ɗauko nawa? Shida. To, me ya ɓace?" Mata masu goyo da tsofaffi layinsa suke jira, ko da akwai mota a gabansa. Shekara talatin yana tuƙi, bai taɓa taka ko kaza ba.

In ya ga rami a hanya ko mota ta mutu a kwana, sai ya faka, ya fita da addar da ke ƙarƙashin kujerarsa, ya saro reshe, ya jera ganye a kwalta. Fasinja suna tsaki, shi bai ma ji ba.

Wannan rubutun da kuke karantawa ma, ba don shi ba, da babu. Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin manya na yamma, domin na gaji da kai wa Hauwa takarda ta karanta mini. Ajin yana farawa ƙarfe huɗu, daidai lokacin da ma'aikata suke tashi, lokacin da tasha take cika. In ka bar layi a wannan lokacin, motarka ta koma baya. Danjuma ne ya ce, da irin Hausarsa ta Gbagyi, "Je ka. Ni zan riƙa tura maka shi gaba." Ya riƙe mukullina, in layi ya matsa ya matsar da tasa, ya dawo ya matsar da tawa. Shekara uku yana wannan. Ranar da na karɓo takardar shaida, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini ya ce, "To, Farfesa, yanzu sai ka rubuta musu."

Sunan Farfesa daga bakinsa ya fito, ya bi ni har yau.

Kuma mun rubuta. Sau uku, a kan Makauniya. Shi yana faɗa ina rubutawa, a kan bonet ɗin motarsa. Da yatsa yake zana mini mahaɗar a jikin gilashin baya, ga katanga, ga gangare, ga inda ya kamata a matso da farin layin, ga inda za a sa tudun rage gudu don tifa. Ba abin da ya nema da ya fi ƙarfin kwana biyu na aiki.

Da ƙafarmu muka kai. Ofis na farko suka ce fitila ba tasu ba ce, su kwalta ce tasu. Na biyu suka ce fitila tasu ce amma katanga ba tasu ba ce. A na uku wani mai ƙaramin gemu, ɗan cikinmu a shekaru, ya karanta takardar yana taɓa wayarsa, ya ɗago ya ce, "Baba, kai injiniya ne?"

Danjuma ya ce, "A'a, oga. Ni ne wanda yake shiga abin da injiniya ya zana, sau shida a rana. Kai sau nawa ka shiga?"

Yaron ya buga mana hatimi a kwafi, ya ce za a duba. Kwafin yana cikin aljihun motata har yanzu.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa cin abinci tun safe.

Ni na sani. Ranar Alhamis na zo wurin da fasinja, na tura hanci kamar kullum, tirela ta wuce ta gabana da gudun da ban taɓa gani a gangaren nan ba, har iskarta ta girgiza motar. Matar da ke gaba ta riƙe hannuna tana salati. Da na tsallaka na waiwaya, sai na ga fitilar wancan gefe tana ci. Na isa tasha na gaya wa duk wanda na gani. Danjuma ba ya nan, tun ranar Litinin ya tafi ƙauye tonon doya, kuma wayarsa ba ta shiga a can. Na ce a raina in ya dawo zan gaya masa. Washegari naƙuda ta kama Hauwa, aka turo mu Gwagwalada, komai ya fita daga kaina.

Jiya bayan la'asar sai ga shi a asibiti, daga gona kai tsaye, ƙasa har gwiwa, da doya biyar a buhu da kaza a hannu. Mai gadi ya hana shi shiga da kazar, suka yi ta ja-in-ja a bakin ƙofa har na fito na raba su. Ya wanke hannu sau biyu kafin ya yarda ya karɓi jaririyar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, da irin Hausarsa, "Farfesa, wannan yarinya shi ya fi ka kyau. Allah ya taimake shi bai ɗauko hancinka ba."

Hauwa ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Baba Danjuma, don Allah ka bari, ɗinkin zai buɗe."

Ya ce, "Ranar suna ni zan kawo ku da motata. Wannan tsoho gudu yake yi."

Awa biyu muna tare a kan benci. Na ba shi labarin yadda na ji kukanta na farko ta bayan ƙofa. Na ƙirga masa yatsunta. Na gaya masa sunan da nake so a sa mata, da irin ragon da na gani a kasuwa. Da zai tafi na raka shi har bakin titi, ya ce, "Gobe da sassafe zan koma layi, mota ta huta ya isa." Na ce Allah ya kai mu. Na tsaya ina ɗaga masa hannu ina murmushi kamar wawa.

Kalma nawa ce? An kunna Makauniya, ka yi hankali. Ban faɗa ba.

Kada wanda ya rubuto mini cewa kwanansa ne ya ƙare. Na sani, na yi imani da hakan, kuma a gaban Allah zan ɗauki nawa kason. Amma ba zan ɗauke wa wasu nasu ba. Garin da ran direba yake rataye a kan ko abokinsa ya tuna ya gaya masa an kunna fitila, wannan garin masu tsara titinsa sun ci amanar mutane.

Ban riƙe mai tifar a raina ba. Waɗanda suka je wurin sun ce bai gudu ba. Ya zauna a bakin kwalbati ya ɗora hannu a ka, ba abin da yake maimaitawa sai "Kore aka ba ni, wallahi kore aka ba ni." Gaskiya ya faɗa. Ya bi doka, Danjuma ya bi abin da rashin doka ya koya mana, aka haɗa su a tsakiya. Fasinja biyu suna kwance a asibiti, mutumin da ke bayan Danjuma ƙafarsa ta karye biyu.

Ku nake nufi, ku da kuka zo da tsani. Da wanda ya aiko ku, da wanda ya sa hannu cewa an gama aiki. Ban san sunayenku ba, kuma kun tsara abin yadda ba za a taɓa sani ba. Wane irin mutum ne zai kunna uku ya bar ɗaya, ya shiga mota ya tafi gida ya ci tuwo? In kayan gyaran ta huɗu ne ba su zo ba, me ya hana ku bar duka a mace har su zo? Mun yi shekara uku muna lallaɓawa a cikin duhunku ba mu mutu ba. Kwana shida da gyaranku mun binne mutum.

Ba Makauniya kaɗai ba ce. Duk direban garin nan yana da jerin nasa a ka. Danjar da reshen bishiya ya rufe, sai ka zo ƙarƙashinta kake ganin ja. Wadda take tsalle daga kore zuwa ja ba ruwan ɗorawa a tsakani, ka taka birki na bayanka ya shige maka, ka wuce a tare ka a gaba. Wurin juyawa da aka buɗe a layin masu gudu, dab da saukowa daga gadar sama. Titi layi huɗu da zai koma biyu ba sanarwa, sai siminti kawai ka gani a gabanka. In abu ya faru a ce direbobi ba su da tarbiyya, jahilai ne, 'yan ƙwaya ne. Akwai irin waɗannan a cikinmu, ban musa ba. Danjuma fa? Wace ƙwaya ya sha?

Ku ba kwa tsayawa a danja, shi ya sa. Jiniya ce take buɗe muku hanya, kuna baya kuna duba waya, gilashi baƙi. Ba ku taɓa zama a bayan katangar nan da rai shida a mota kuna miƙa wuya kuna addu'a ba. Ina roƙon Allah ya sa wata rana ku zauna a wurin, ku da kanku a sitiyari, da 'ya'yanku a baya, ku ji abin da ake ji.

Bayan azahar muka kai shi makwancinsa a ƙauyensu. Doyar da ya tono tana jibge a tsakar gida, ko rumbu ba a kai ta ba. Matarsa ta ce mini, "Jiya ya dawo yana ta labarin jikarka."

Daga maƙabarta ban koma asibiti ba, na wuce Makauniya. Na ɗauka ko don kunya zan tarar da wani a tsaye. Ba kowa. An ja motar gefe, an share gilashi, uku suna ci, ta huɗu tana nan a mace.

Na faka. Na je motar Danjuma, na zura hannu ƙarƙashin abin da ya rage na kujerarsa, addar tana nan. Na saro rassa na jera a gangaren tifa, na jera a gefenmu tun daga nesa. Mai gadin siton ya ba ni kwali da igiya, na rubuta da manyan baƙaƙe: TSAYA. FITILARKA CE A MACE, TA MASU TIFA TANA AIKI. Na ɗaure a jikin sandar. Rubutun ya karkace, amma ana karantawa.

Ina cikin ɗaurawa sai ga Iliya, wani direba da ya saba bin hanyar, ya dawo daga tafiya bai ji komai ba. Ya sauke gilashi, ya sa giya ta ɗaya, ya fara tura hanci. Na daki bonet ɗinsa da tafin hannu. Ya leƙo ya ce, "Farfesa, lafiya? Ka koma ba da hannu ne?" Bai rufe baki ba tifa cike da dutse ta wuce ta gabansa. Ya kashe mota.

Gobe za a sallami Hauwa da jaririyar. Gidana a Karmo yake, hanyarmu ke nan. Ɗazu a waya ta ce, "Baba, mu zagaya ta cikin gari." Za mu zagaya. Ni da na tsufa a kan titin Abuja, zan ɗauki jikata in yi doguwar hanya da ita saboda tsoron fitila. Amma kafin nan, da na idar da sallar asuba ina bakin sandar nan, domin ganye yana bushewa, kwali kuma ruwa ɗaya ya ishe shi. Ciyaman ya ce zai turo mutum biyu su karɓe ni ƙarfe tara. Haka za mu yi ta yi har masu tsani su tuna da mu, ko su kunna ta huɗu ko su kashe duka.

Ku masu karantawa, abin da nake roƙonku biyu ne. Duk wanda yake da direba a gidansa, ko maƙwabci, ko mai kai masa yara makaranta, in yana bin ta Idu, ya kira shi yau ya gaya masa da baki. Kada ka ce in kun haɗu. Ni haka na ce.

Na biyu, ku sa Danjuma a addu'a. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa kowane reshe da ya taɓa jerawa a titi don wani ya isa gida lafiya ya zame masa inuwa ranar da babu inuwa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya tashi kafaɗun waɗanda ke kwance. Ni ma ku roƙa mini gafara a kan abin da ban faɗa ba.

Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai ce amin ba, sannan ya ɗauki waya.